Daga Bakin Allo: Cukun Edam da Darajar Suna

Duk wanda ya taɓa shiga manyan kantunan Akwa ya ga wani abu mulmulalle kamar ƙwallo, an lulluɓe shi da jan kaki. Wani ɗalibinmu ya taɓa tambayarmu ko sabulu ne. To, ba sabulu ba ne, cuku ne na ƙasar Holan, sunansa Edam. Da madarar shanu ake yin sa, ba shi da kaifin ɗanɗano. Kakin shi ke hana shi bushewa, kuma ɓare shi ake yi, ba a ci.

Ina ya samo sunan? Edam wani ƙaramin gari ne arewa da Amsterdam. Mutanen wurin sun datse wani kogi mai suna E, madatsar ruwa kuwa a harshensu ita ce "dam", kamar yadda muke cewa dam ɗin Tiga. Garin ya sami matsayin birni a 1357. Manoman ƙauye ke yin cukun, su kawo shi kasuwar Edam a kwale-kwale, a auna, fatake su fita da shi duniya. Kasuwar ta mutu a 1922, amma sunan yana nan.

Kun ga ke nan, kasuwa ce ta samu sunan, ba mai tatsar saniya ba. Mu ma an yi mana haka. Fatar jar akuyar Sakkwato da kakanninmu suka jeme, ayari ya ƙetara Sahara da ita, sai Turawa suka kira ta fatar Maroko, don ta can ta iske su.

A nan Duwala mun yi sa'a. Bafaranshe da Bamileke duk "soya" da "kilishi" suke cewa, kalmomin kuwa namu ne. Amma a gidajenmu na New Bell fa? Tambayi yaro mene ne cuku, sai ya yi zuru, sunan Faransanci kaɗai ya sani. Alhali Buzaye da Fulanin Nijar suna busar da nasu cukun tun kaka da kakanni.

Iyaye, makaranta ba za ta koya musu wannan ba. Ku riƙa kiran abinci da sunansa na Hausa a gaban yara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.