Filin Gyaran Gida: Kula da Tukunyar Turare ta Jan Ƙarfe

A wannan wata za mu yi magana ne a kan tukunyar jan ƙarfen nan da ake tatsar ruwan wardi da na furen lemu da na na'ana'a da ita, wadda wasu 'yan'uwanmu fatake da matafiya kan sayo daga ƙasashen Larabawa, amma sai a iske bayan shekara guda ta yi kore, ta zama kayan ajiye a bayan ɗaki.

Ita dai wannan sana'a tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 9 masanin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsarsa. Har yau a garin Nabul na Tunisiya mata na tatsar ruwan furen lemu a gidajensu a watannin Maris da Afrilu, haka kuma a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya da Kannauj ta Indiya da jan ƙarfe ake wannan aiki. Dalili kuwa shi ne yana raba zafi ko'ina daidai, kuma yana kama sinadarin farar wuta da ke cikin tururi, wanda shi ne ke ɓata ƙanshi.

Kashi uku tukunyar take: gindin da ake zuba ruwa da fure, hular da tururi ke taruwa a cikinta, da kuma bututun da ruwan sanyi ke kewaye shi, inda tururin ke komawa ruwa ya ɗigo cikin kwalba. Mu kan wanke gindi da hula mu manta da bututu, alhali kuwa ta cikinsa duk abin da za mu sha ko mu shafa yake bi.

Babban abin tsoro shi ne koren tsatsar da kan fito idan danshi ko tsami ya daɗe a jikin jan ƙarfe. Guba ce, tana sa amai da ciwon ciki. Duk ruwan wardin da ya fito da launin kore ko shuɗi, a zubar da shi, kada a ce za a tace a sa a alkaki ko shayi.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Idan tukunyar sabuwa ce, ko ta daɗe a ajiye, kada mu fara da fure. Mu zuba kofi 1 na ruwan khal a kan kofi 4 na ruwa, mu haɗa ta, mu dafa har tururin ya bi bututun ya fito, a fili inda iska ke kaɗawa. Sa'an nan mu sake yi da ruwa zalla. Wannan zai fitar da maiƙo da dattin maƙera.

Bayan kowane aiki kuwa, da zarar ta huce, a kwance ta, a kwashe furen, a wanke da ruwan ɗumi, a ɗura ruwa ta bututun har ya fito fes. Inda ya yi baƙi ko kore, a yanka lemun tsami biyu, a dangwala shi a gishiri a goge. Jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana yi, kuma ita ke cire farin ɓawon da ruwan rijiya kan bari a gindi. Amma kada a bar tsamin ya kwana, domin shi da ya cire tsatsar shi zai dawo da ita. A ɗauraye sosai, a goge da tsumma, a shanya kowane kashi daban. Soson ƙarfe yana karce ta, ruwan jabel kuwa cinye ta yake yi.

Wasu tukwanen an shafe cikinsu da kuza, shi ya sa suke fari. Kuza na narkewa a zafin da ya kai digiri 232, saboda haka kada a taɓa ɗora tukunya a wuta ba ruwa, kuma kada a cika ta fiye da kashi 2 cikin 3. Irin wannan ciki ba a dirza shi da gishiri, sabulu da tsumma sun isa. Inda tururi ke tsira ta bakin hula, a liƙe da kwaɓaɓɓen garin alkama. Kafin a kunna wuta a hura bututun a tabbatar bai toshe ba, don tururin da ya rasa hanya yana iya fasa tukunya ya ƙona na kusa.

Idan ta huje, mu kai wa maƙerin fari, mu kuma gaya masa ƙarara kada ya liƙe da abin da ke da dalma. Ba a manta ba yadda gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara ta Nijeriya a 2010. Idan babu tabbas a kan abin da aka liƙe tsohuwar tukunya da shi, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, a bar ta ta zama ta ado.

Ruwan da aka tatsa a zuba shi a kwalba mai duhu, a rufe, a ajiye a inuwa. Ita kuma tukunyar a naɗe ta da tsumma busasshe, musamman da damina.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. A huta lafiya.