Layin dogon Maiduguri: a fara gyaran daga namu ɓangaren



Duk wanda ya bi ta unguwar Reluwe a Maiduguri cikin 'yan shekarun nan ya ga abin da nake son magana a kai. Taragu sun yi tsatsa, ciyawa ta rufe diga, tashar da a da ba a iya ratsawa saboda 'yan dako da fasinjoji ta yi tsit. Yaron da ke firamare yau a Yerwa, in ya san jirgin ƙasa to a waya ya gan shi.

Mu ne aka kawo wa jirgi a ƙarshe. Turawa sun kai layi daga Legas zuwa Badun a 1901. Na Baro ya shiga Kano a 1911, a 1912 aka haɗe Kano da Legas. Auduga suke so a noma musu, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka rungume ta, daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. A gabas kuma kwal ɗin Inugu ne ya sa aka gina layin Fatakwal, ya iso Inugu a 1916. Ƙaura Namoda ta samu nata a 1929, Nguru a 1930. Kowane layi an ja shi ne daga inda kaya yake zuwa bakin teku, Borno kuwa aka bar ta da mota da raƙumi. Gyaɗarmu da fatunmu sai an kai su Nguru ko Jos kafin su ga tarago.

Sai a 1958 aka fara layin Borno, daga Kuru kusa da Jos, da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne bashi na farko da bankin ya bai wa Najeriya. Ya bi ta Bauchi da Gombe da Bajoga da Buni Yadi, kimanin kilomita 640, ya shigo Maiduguri a 1964. Shekara 53 ke nan bayan Kano. A lura, cikin shekara shida aka gama wannan aiki, da kayan aikin wancan zamani.

Bai jima yana cin moriya ba. Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatoci suka karkata ga tituna da tireloli, hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta yi ta rarrafe. An ɗauko Indiyawa su riƙe ta a 1979, an kawo kamfanin CCECC na Sin a zamanin Abacha, duk ba ta miƙe ba. Kafin rikici ya ɓarke a 2009 jirginmu ya riga ya zama sai jefi-jefi. Rikicin ƙarasa shi kawai ya yi.

Daga baya ƙasa ta farfaɗo da harkar. Abuja zuwa Kaduna a 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, Legas zuwa Badun a 2021, ga na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021. Ba na hassadar kowa, 'yan uwanmu ne za su hau. Amma a duba taswira: ko ɗaya bai taɓa Arewa maso Gabas ba. Namu rabon shi ne alƙawarin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Maris 2021, na sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, fiye da kilomita 1,400. Abin da aka gani a ƙasa shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita sittin da 'yan kai, wanda jirgi ya fara bi a 2024. A wannan tafiyar, kowa ya yi lissafin shekarar da zai iso Buni Yadi.

Ra'ayina shi ne mu daina jiran aiki ya rarrafo daga kudu. Mu nemi a buɗe wani ɓangaren aikin daga Maiduguri zuwa Gombe, kimanin kilomita 300, a sa shi a kasafi da sunansa da kuɗinsa. Dalili a fili yake. Simintin Ashaka yana kan wannan layin, kuma babu jihar da ke buƙatar siminti kamar Borno mai sake gina garuruwa, ga gidajen da ambaliyar Alau ta rusa a Satumban 2024. Shanun da ke shigowa daga Chadi ta Gamboru Ngala, da kifin Baga, da wake, duk yanzu a tirela suke fita, kusan duka ta hanyar Damaturu guda ɗaya. Ranar da aka rufe ta, ko tirela ta faɗi a tsakiya, a Monday Market ake jin zafin. Ɗan kasuwar shanu ya san abin da doguwar tafiyar mota ke yi wa dabba, ya san kuma yawan shingayen da zai tsaya kafin Fatakwal. Kaya nake nema wa jirgi tukuna. Fasinja zai biyo baya.

Na san masu cewa raini ne a gina wa wasu faffaɗan layi na zamani, mu kuma a gyara mana matsattse na Turawa. Na fahimci ɓacin ran. Sai dai wannan matsattsen, mai faɗin ƙafa uku da inci shida, irinsa ne Afirka ta Kudu ke jan kwal da taman ƙarfe a kai, da jiragen da ke cikin mafi tsawo a duniya. Kuma shi ne zai haɗa mu da Kafanchan da Kaduna ba tare da sauke kaya an sake lodi ba. In an samu kuɗin faffaɗan, madalla. Amma kada gardamar faɗin diga ta zama hujjar da za a ƙara shekara goma ba a kafa ko ƙusa ba.

Maganar tsaro ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Layin ya ratsa dajin da kowa ya sani tsakanin Buni Yadi da Maiduguri, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna cewa diga ma ana dasa mata bam. To amma tireloli da rakiyar soja suke bin wasu hanyoyinmu, ba a ce a daina jigila ba. Jirgi ɗaya mai tarago talatin, da rana, da rakiya, ya fi sauƙin gadi a kan motoci talatin a warwatse. A fara daga Gombe zuwa Buni Yadi in ya so, a riƙa matsowa.

Akwai kuma namu laifin. Ƙarfen diga da ake kwancewa a sayar wa 'yan jari bola ba aljanu ke ɗauka ba, kuma masu saye a cikinmu suke. Haka masu yanka fili su yi gini a kan hanyar jirgi. Duk shagon da aka kafa a kan diga yau, gobe shi ne za a ce sai an biya diyya ko an yi rusau kafin aiki ya wuce, a samu sabon dalilin jinkiri.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su zauna da 'yan kasuwar shanu da na hatsi da dillalan kifi, a rubuta abin da kowa ke kashewa wajen kai tirela ɗaya kudu, kuɗin mota da na hanya da asarar da ake yi. A haɗa takarda ɗaya a miƙa wa sanatocin Borno da Yobe da Gombe kafin a gabatar da kasafin baɗi. Dattawanmu da suka yi aikin reluwe ko suka yi fatauci a jirgin nan suna raye, a gayyato su zaman, su faɗi nawa ake loda tarago a zamaninsu da kwana nawa yake yi kafin Fatakwal.