Tambayar da burauza ke yi kafin ta buɗe wata manhaja ba ɓata lokaci ba ce

Mai wayar Android ya saba da wannan: ya latsa mahaɗi a wani shafi, sai a tambaye shi ko a buɗe masa WhatsApp ko Telegram. Matasa da yawa kan zaɓi "Always" don kawai a daina damun su. Wannan gaggawar tana iya jawo asara.

Ba kowane mahaɗi ne ke kai mutum shafin intanet ba. Wanda ya fara da https: aikin burauza ne. Amma tel: na manhajar kira ne, mailto: na imel, sms: na saƙo, tg: kuma na Telegram. A nan burauza 'yar aike ce: ta karɓi saƙo daga shafin da ba a san mai shi ba, ta miƙa wa manhajar da ke da izinin taɓa kyamara ko layin waya. Wannan tambayar ce damar ƙarshe ta mai waya ya ce a'a.

An ga illar rashinta. A Satumban 2012, mai binciken tsaro Ravi Borgaonkar ya nuna a taron Ekoparty na Ajantina cewa shafi guda zai iya goge komai da ke cikin wasu wayoyin Samsung, har da Galaxy S III. Mahaɗin tel: ne aka ɓoye da lambar USSD a ciki, manhajar kira kuma ta aiwatar ba tare da neman izini ba. An toshe wannan kafar, amma darasin ya shafi duk wanda ke tura kuɗi da lambobin USSD na banki: lambar da wani shafi ya zuba wa mutum a wurin kira, a karanta ta kafin a danna.

Su ma kamfanoni tambayar na ci musu tuwo a ƙwarya. Lokacin da Safari ta fara neman izini kafin ta buɗe Zoom, kamfanin ya dasa ɓoyayyen shiri a kwamfutocin Mac don tsallake wannan latsi ɗaya. A Yulin 2019 Jonathan Leitschuh ya bayyana cewa ta nan kowane shafi zai iya jefa mutum cikin kiran bidiyo da kyamararsa a kunne. Sai da Apple ta tura sabuntawa ta cire shirin.

Gaskiya ne mai sayar da kaya a intanet, wanda ke buɗe WhatsApp sau da yawa a wuni, zai gaji da tambayar. Maganin shi ne ya ba manhaja ɗaya ko biyu da ya yarda da su izini, ba ya buɗe wa kowa ƙofa ba.

Gyaran bai kai minti biyu ba. A Android, a shiga Settings, sai Apps, a zaɓi manhajar, a duba "Open by default" a goge izinin da aka bayar a baya. Sunan kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. A Firefox ta waya, a nemi "Open links in apps" a zaɓi "Ask before opening". A Chrome ta kwamfuta, chrome://settings/handlers na nuna shafukan da aka bari su karɓi irin waɗannan mahaɗai.

Idan kuwa shafi ya nemi buɗe manhaja alhali ba a latsa komai ba, a rufe shi nan take.