A Sakar wa Yara Hutunsu

Ranar da aka ba da dogon hutu, 'yata mai shekara biyar ta dawo da takardu biyu a jaka. Ɗaya sakamakon jarrabawa, ɗaya sanarwar lesin hutu: a fara ranar Litinin, ƙarfe takwas zuwa sha biyu, ga kuɗin a rubuce a ƙasa. Ke nan hutun kwana biyu aka ba ta, Asabar da Lahadi, su ma akwai Islamiyya. Ban biya ba, kuma ba zan biya ba.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Makarantar kuɗi tana neman abin biyan albashin Agusta, mu iyaye muna neman inda za mu ajiye yaro kada ya hana mu sakat, sai muka haɗu muka raɗa wa cinikin suna karatu. Malamai ban ga laifinsu ba, na san abin da ake biyansu. Amma wane ilimi ne zai wuce 'yar nazare don ta yi mako shida ba ta kwafi ABCD ba?

Hutun nan a tsakiyar damina yake faɗowa, zafin bazara ya karye, ƙasa ta yi laushi. Lokacin ne yaro ke tura ƙafa cikin jiƙaƙƙen yashi ya gina ɗaki, ya zare ta a hankali kada ginin ya rushe. Lokacin langa ne, ka riƙe ƙafa ɗaya kana tsalle da ɗaya, a ture ka, ka tashi ba kuka don kada a yi maka dariya. 'Yan mata na carafke, suna ƙirga duwatsu da sauri fiye da yadda suke ƙirga a allo. A 'yar gala-gala ake koyon jiran layi, a can ake kama mai maguɗi a yanke masa hukunci ba babba a wurin. Wanda ya taɓa haɗa motar kara, tayoyinta na tsohon silifa, ya san akwai lissafin da ba a aji ake yin sa ba.

Wanda sai ya ji daga bakin likita, to ga shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar minti 180 na motsa jiki kullum, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. A Taiwan, da matsalar rashin hangen nesa ta yi wa 'yan firamare yawa, tun 2010 aka nemi makarantu su riƙa fitar da yara waje awa biyu a rana, matsalar kuwa ta ragu. Mu da rana take mana kyauta, mun kulle yara a falo da wayar uwarsu.

Na san abin da za a ce: satar yara, gudun 'yan adaidaita sahu, kududdufin da ke cin rai kowace damina. Duk gaskiya ne, ni ma ba na barin tawa ta yi nisa. To amma wa ya yanka dandalin unguwa ya jera shaguna? A unguwarmu ko wurin buga ƙwallon tsumma bai rage ba, fili ɗaya tal da ya tsira shi ne harabar makarantar, wadda ake garƙame wa kwaɗo da azahar. A buɗe ta da la'asar mana. Iyaye su yi karɓa-karɓa, yau ni a bakin ƙofa, gobe maƙwabcina, kamar yadda dattawa kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida idonsu na kan ɗan kowa. Idan kuɗin mai gadi ne, wannan zan biya.

Jiya ta shigo da magariba, riga duk taɓo, gwiwa a kurje. Mamanta ta ce ni zan wanke rigar, na kuwa wanke. Ita ko tuwo ba ta gama ba barci ya kwashe ta.