Kafin A Kai Ta Maƙera

A wannan wata za mu waiwayi wata ajiya da ke kwance a akwatunan gidajenmu da dama, wato sulallan azurfa na Jamus waɗanda 'yan'uwanmu mazauna Hambog da sauran biranen ƙasar suka riƙa kawowa tsaraba. Sau da yawa mun ga an kai su wurin maƙeri an narke, an yi zobe ko warwaro. To, a dakata tukuna.

Jamus ta Yamma ta fara buga sulallan tunawa na mak 5 da wanda ke ɗauke da shekarar 1952, domin cikar gidan tarihi na Nuremberg shekara ɗari. Guda 200,000 kawai aka buga. Haka ma biyu na 1955 da na 1957. Nauyin kowanne giram 11.2, azurfar cikinsa giram 7, amma masu tarawa kan saye su da kuɗin da ya ninka na azurfar nesa ba kusa ba. Wanda ya narke irin wannan ya yi asara. Sai dai jabunsu sun yi yawa a kasuwa, don haka duk wanda aka yi wa tayin ɗaya da araha, ya tuna araha ba ta ado.

Wanda aka fi gani a hannun mutanenmu shi ne mak 10 na wasannin Olamfik na 1972. Yana da labari: bugun farko an rubuta an yi wasannin "a Jamus", aka yi ƙorafi cewa birni ake bai wa wasannin ba ƙasa ba, aka sake bugawa da sunan Munich. Labari kam akwai daɗi, amma kusan miliyan 100 aka buga gaba ɗaya, saboda haka darajarsa ba ta wuce ta azurfarsa da yawa ba, giram 10 ba kaɗan. Sulallan tunawa na mak 5 daga 1980 kuwa babu azurfa a cikinsu sam, tsadarta ta sa aka daina.

Roƙonmu ga iyayenmu mata: kada a goge su da toka ko lemun tsami. Wannan baƙin da ke jikinsu masu saye na so, sulen da aka kankare kuwa farashinsa faɗuwa yake yi. A naɗe kowanne daban a takarda, a duba shekarar da ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga shi: D Munich, F Stuttgart, G Karlsruhe, J Hambog.