Kafin ki sayar da difuza, ki fara gwada ta a ɗakinki



Da yawa daga cikin masu sana'ar humra da turaren wuta a unguwanninmu, daga Agege har Sabo ta Ibadan, yanzu sun ƙara da difuza, wato turaren kwalba da ake tsoma wa tsinkaye su riƙa jawo ƙamshi ba tare da wuta ba. Sana'a ce mai kyau. Sai dai a ganina mun yi saurin kai ta kasuwa tun hannunmu bai faɗa ba, kuma hakan yana cin jarinmu da mutuncinmu.

Babban kuskuren shi ne haɗa ta kamar humra. Ita humra ana yaba ta da kauri, amma difuza sai ruwanta ya zama tsinkakke kafin ya iya hawa ta ƙananan ramukan tsinke. In kika zuba man zaitun ko man kwakwa, ramukan za su toshe, ƙamshi ya tsaya a kwalba. In kuma ruwa kika ƙara don ya yi auki, turaren zai taso sama, domin mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ki nemi ruwan haɗin difuza wajen masu sayar da sinadarai, irin na kasuwar Ojota. A kwalba mai mililita 100, ki fara da 25 na turare da 75 na ruwan haɗi. Cika turare ba ya ƙara ƙamshi, asara kawai yake ƙarawa.

Sai tsinke. Tsinken tsire ba ya jan ruwa yadda ake so. Na ratan ko na zare da aka yi domin wannan aiki shi ne daidai, kuma a riƙa juya shi sau ɗaya a mako. Kwalba ta kasance ta gilashi mai ƙaramin baki: mai faɗin baki tana sa ruwan ya ƙafe da wuri, ta roba kuma turare na iya cinye ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Kwalba mai launi a kan ɗan tebur, yaro gani yake lemo ne. Ki gaya wa duk mai saye ta ajiye ta sama, nesa da kaskon turare, domin haɗin na iya kama wuta. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Na san za a ce jari ba ya jira. Gaskiya ne. Amma mu a nan junanmu muke sayar wa, kuma kwalba ɗaya da ta daina ƙamshi bayan kwana 3, kafin biki na gaba labarinta ya zagaye unguwa. Ki haɗa guda ɗaya, ki ajiye a ɗakinki mako 2, ki ga yadda za ta yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa wa sana'armu albarka.