Magani kyauta: wa yake biya?

A shekara ta 2006 gomnatin Nijar ta yanke cewa duk yaron da bai kai shekara 5 ba, a duba shi kyauta a gidan likita. Awon ciki ma kyauta ne. Iyaye sun ji daɗin wannan doka, musamman da damana, lokacin masassara.

Amma magani ba daga sama yake faɗowa ba. Likita zai duba yaro, ya ba shi magani, ya rubuta cikin littafi. Daga baya ya aika takardar lissafi, gomnati ta maido kuɗin. Da kuɗin nan ake sayo wani magani.

An sha ganin kuɗin sun yi watanni ba su zo ba. To, rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙarewa yake yi. Sai uwa ta kawo ɗanta jiki zafi, a miƙa mata takarda ta je ta saya. In hannunta babu, ta nufi mai tallar ƙwayoyi a kasuwa.

A ganinmu, ya kamata gomnati ta riƙa biya kan lokaci. Ta kuma riƙa sake duba abin da take biya kan kowane yaro, domin farashin 2006 ba shi ne na yau ba.

Mu da muka koyi karatu da lissafi, mu shiga kwamitin kula da gidan likitan garinmu. Mu tambaya: takardu nawa aka aika, nawa aka biya? In an makara, mu kai kuka wurin magajin gari.